Tsuntsayen Da Na Gani Ban Faɗa Ba

Kowane matuƙin jirgi yana da labarin tsuntsunsa. Zauna da su wajen shan shayi a filin jirgi, kafin shayin ya huce wani zai ba ka labarin wata ungulu da ta shiga masa inji, wani kuma shirwar da ta tsaga masa gilashi, a yi ta dariya. Nawa ba na dariya ba ne, shi ya sa na daɗe ina ɓoyonsa. Ya ci idon wani dattijo, ni kuma ya tsare ni wata takwas a ƙasar mutane, ba fasfo, ba tuƙi, ba hanyar gida.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Miga, kuma aikina na farko a duniya tsaron tsuntsu ne. Idan gero ya fitar da kai ya fara ƙosawa, Baba yakan kafa mini rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kusurwoyi huɗu, ya rataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Da jan-baki sun taso daga fadama sai in girgiza igiya, in kurma ihu, in bi su da majaujawa. A kan wannan rumfa na san halin tsuntsu fiye da yadda na san karatun allo. Na san belbela tana bin garma saboda ƙwarin da ake tonowa. Na san babban tsuntsu ba ya tashi sai ya fuskanci iska. Wata shekara wani ɗan ƙaramin jirgi ya zo feshin jan-baki, ya bi ta kaina ƙasa-ƙasa har na ga hular mutumin da ke ciki. Tun daga ranar na ƙudurta cewa ni ma can zan koma, inda tsuntsaye za su riƙa ganina a samansu.

Ba zan gajiyar da mai karatu da yadda na yi sakandare, na yi akawu a sakatariya a Dutse, har gwamnatin jiha ta tura ni koyon tuƙin jirgi ba. A shekarar 1998 dai na tsinci kaina a wani ƙaramin gari a ƙasar Yukren. Makarantar ba irin wadda na hango a mafarki ba ce. Tsohon filin jiragen feshin gona ne, titin jirgin ma ciyawa ce, da 'yan jirage masu kujera biyu, da dogon ɗakin kwana mai warin kabeji. Ɗalibai baƙi mun kai ashirin, Larabawa da Indiyawa, sai mu biyu 'yan Nijeriya, ni da Bulus. Shi asalinsu mutanen Filato ne, amma mahaifinsa ma'aikaci ne da ya koma Dutse tun da aka ƙirƙiro jiha, don haka Hausarsa ta fi tawa gudu. Bulus irin mutanen nan ne da abin da ke cikinsu shi ne a bakinsu. Ni kuwa an raine ni a gidan da yaro ba ya kallon babba cikin ido.

Malamina Kyaftin Petro ne, sa'an Baba, mai furfura da kaurin wuya. Ya shekara talatin yana tuƙi bai taɓa fasa jirgi ba, kuma kowa a filin ya san haka, domin ba ya bari a manta. Ni nake ɗaukar masa jaka ba tare da ya sa ni ba. In yana magana in sunkuyar da kai. In ya yi kuskuren lissafi a allo sai in gyara a littafina in yi shiru. Wata rana bayan mun sauka ya dube ni ya ce da gurgun Turancinsa, “Nafi'u, hannunka mai kyau ne, amma bakinka a ɗinke yake.” Na ɗauka yabo ne, har na yi godiya.

Abin ya faru a watan Agusta na shekara ta biyu, da hantsi. A ƙasar akwai wasu manyan fararen tsuntsaye dangin shamuwa, masu jan baki da dogayen ƙafafu, tsayinsu ya kai ƙugun mutum. A wannan watan suke taruwa kafin su yi ƙaura zuwa ƙasashenmu. Muna zaune a bakin titi, ina kujerar hagu Kyaftin yana dama, inji yana ruri, sai na hango tarakta tana yankan ciyawa can ƙarshen titin. Doka ta hana yanka a lokacin tashin jirage, amma Daraktan makarantar yana son a kwashe ciyawar kafin ruwa ya sauko. A bayan taraktar kuwa ga tsuntsayen nan sun fi talatin, suna tsintar fara.

Kallo ɗaya na yi na karanta abin da zai faru. Taraktar ta kusa kai wa shinge, dole ta juyo. In ta juyo za ta fuskance su, su tashi. In sun tashi iska za su fuskanta, su hau ta daidai layin da za mu bi. Yaron da ya shekara biyar a kan rumfa ba ya bukatar littafi kafin ya san wannan.

Na ɗora hannu a kan totur ban tura ba.

Kyaftin ya ce, “Mu je.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma sai na ji muryar gida a kunnena, cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mutumin da ya shekara talatin a sama, ni ɗan Miga zan ce masa ya dakata? Ai ya gan su, na ce a raina, ya san abin da yake yi. Ina cikin wannan lissafi ya ɗora tafinsa a kan hannuna ya tura totur ɗin har ƙarshe.

Mun ɗaga ke nan, ba mu wuce tsayin kuka ba, taraktar ta juyo. Na ga fuka-fuki sun cika gabanmu. Ɗaya ya daki farfela, ɗaya ya faso gilashin gaba ta ɓangaren dama ya sami Kyaftin a fuska. Iska ta cika jirgin da gashi da jini, injin ya kama jijjiga kamar zai tsinke ya faɗi. Na kira sunan Kyaftin, kansa ya langaɓe. Na yi salati, na kashe injin kamar yadda shi da kansa ya koya mini, na miƙe hancin jirgin zuwa wata gonar dankali da ke gaba. Tayar gaba ta nutse a kunya, jirgin ya kifa. Na fito da tsagar goshi kawai. Direban taraktar, wani tsoho mai suna Mikola, shi ya rugo ya taya ni jawo Kyaftin.

Kwana uku bayan haka na tafi asibiti dubiya, kamar yadda kowane ɗan mutunci zai yi. Na tarar da Kyaftin an naɗe masa rabin fuska, idon dama ya tafi. Darakta yana tsaye a gefe da wata mata mai yin tafinta. Ban zauna a kujerar da aka nuna mini ba. Na tsugunna a gefen gadon, kaina a ƙasa, na ce, “Sannu, Kyaftin. Ka yafe mini. Laifina ne.” A gidanmu ko tulu ne ya fashe a hannun babba, yaron da ke kusa shi ke cewa a yi haƙuri. Na ga matar tana rubutu, ban kawo komai a raina ba.

Washegari Darakta ya kira ni ofis. Mutum ne mai laushin murya, ya ba ni shayi da hannunsa, ya kira ni ɗansa. Ya miƙo wata takarda da rubutun mutanen ƙasar, wanda har lokacin da ƙyar nake haɗa baƙaƙensa, ya ce shaida ce cewa na fito lafiya. Dattijo ya miƙo mini alƙalami, na karɓa da hannu biyu na sa hannu. Sannan ya ce in kawo fasfona, hukuma za ta riƙe har kwamitin bincike ya zauna. Sati biyu ne, in ji shi.

Bulus ne ya samo kwafin takardar, ya zauna da ƙamus ya warware ta kalma-kalma. Da ya gama ya jefa mini ita a cinya.

“Kai, Nafi'u, ka san abin da ka sa wa hannu? An ce kai ka tashi jirgi ba tare da izinin malami ba. An ce ka firgita ka kashe inji mai lafiya. An ce ka amsa laifinka a gaban shaidu biyu a asibiti. Tarakta kuwa ko sunanta babu!”

“Ai gaisuwa ce na yi, Bulus. Neman afuwa ne irin na gida.”

“Gida? Ka ga Miga a nan? Mutanen nan in ka ce laifinka ne, rubutawa suke. Tashi mu je ka ce ƙarya ne.”

“Kyaftin zai faɗi gaskiya in ya warke.”

Amma Kyaftin bai san gaskiyar ba. Dukan da ya sha ya shafe masa safiyar gaba ɗaya, daga shayin da ya sha sai farkawa a asibiti. Abin da aka karanta masa shi ya yarda da shi. Idan kwamiti ya amince da takardar nan, ba ni ba lasisi, a ƙasar da ma ko'ina, domin irin wannan rahoto bin mutum yake duk inda ya je.

Sati biyu ya zama wata biyu. Kullum aka tambaya sai a ce Kyaftin bai warke ba, ko shugaban kwamitin ya yi tafiya. An dakatar da ni daga tuƙi, an cire ni daga ɗakin ɗalibai, aka ba ni wani ɗan ɗakin katako a ƙarshen titin jirgi inda ake ajiye fenti. Ba ni da ikon shiga cikin gari, domin kowane ɗan sanda ya ga baƙar fata takarda yake tambaya. Sai Darakta ya ce tunda ina cin abincin makaranta, ya kamata in yi wani aiki. Da ya faɗi aikin sai da na yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Korar tsuntsaye daga kan titin jirgi.

An gudu ba a tsira ba. Na ƙetare hamada da teku, na bar akawu a Dutse, don in zo in yi abin da nake yi ina ɗan shekara bakwai ba wando. Fararen tsuntsayen sun riga sun yi ƙaura, ƙila suna can fadamar Haɗeja suna shan rana, ni ina nan. Waɗanda suka rage hankaki ne, baƙaƙe ƙirin, ba farin ƙirji irin namu. Bindigar ƙara da aka ba ni ba ta yi musu komai, kwana biyu suka gane ta. Don haka na yi abin da na iya. Na tsinto gwangwanayen kifi a bayan kicin, na zuba tsakuwa, na ja igiya a gefen titin, na saƙa majaujawa da igiyar takalmi. Ya yi aiki sarai, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. 'Yan ajinmu suna wucewa ta kaina a jirgi, wasu har su karkata fiffike su gaishe ni, ni ina ƙasa ina girgiza gwangwani.

Sai sanyi ya zo. Duk wanda bai ga dusar ƙanƙara ta rufe ƙofar ɗakinsa ba, kada ya ce mini ya san sanyi. Ruwan alwala sai na fasa shi da guduma na ɗora a murhu. Rana tana fitowa a makare ta faɗi kafin la'asar ta yi kyau. Azumi ya same ni a haka, gajere ƙwarai, amma ban taɓa yin mai nauyinsa ba. In lokacin buɗa baki ya yi sai in tuna kunun tsamiyar Inna da ƙosai, in dubi dafaffen dankalin da ke gabana, hawaye ya zubo. Ranar Sallah ni kaɗai na yi raka'a biyu tsakanin gwangwanayen fenti. Na ji kewar gida har cikin ƙashina, kuma na tsani kaina.

Mikola, direban taraktar, shi ne maƙwabcina, gidansa yana bayan shinge. An gaya masa in ya ambaci yankan ciyawa aikinsa ya ƙare, ga shi da mata marar lafiya. Watan farko ko kallona ba ya iya yi. Ran nan na buɗe ƙofa na tarar da buhun dankali da tsohuwar rigar soja mai gashi a ciki. Daga nan ya fara shigowa, ya zauna a bakin murhu, mu yi ta ɓarar 'ya'yan wata fulawa da suke soyawa kamar gyaɗa, ba mai jin yaren wani sosai. Sau ɗaya ya kawo mini kitsen alade, abin da suke ji da shi. Na girgiza kai na nuna sama. Bai ji haushi ba, washegari ya dawo da kwalbar zuma. Ya taɓa ɗaukar majaujawata ya gwada, dutsen ya koma baya ya fasa mini taga, muka yi dariya har ya share hawaye. Shi ya gyara tagar da kansa.

Wasiƙun gida ta hannun mahaifin Bulus suke bi. In sun isa ofishinsa a Dutse, sai ya ba wani direban bas ya kai Miga ranar kasuwa, amsa ma ta nan take dawowa. Lokacin ana ta maganar kafa shari'ar Musulunci a gida, iyayen Bulus ba su san ko za su zauna ko za su tattara ba, amma dattijon nan bai taɓa barin wasiƙata ta kwana a teburinsa ba. Abin kunyar shi ne duk abin da yake ɗawainiya da shi ƙarya ce. Ina rubuta wa Baba cewa karatu yana tafiya daidai. Shi kuma ya sa malamin makarantar ƙauyenmu ya rubuto cewa yanzu ko jirgi ya gifta sai yara su rugo su ce ga Nafi'u nan, kuma mutane sun koma kiransa Baban Direban Sama. Na karanta wannan ina riƙe da igiyar gwangwani.

Bulus ya gama nasa a watan Maris. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: duk watannin nan kullum sai ya ratso ƙanƙara ya kawo mini burodi da littattafan darasi don kada in manta. Ranar da zai tafi bai yi mini sallama mai daɗi ba.

“Zan je Dutse. In babanka ya zo ya tambaye ni, me zan ce?”

“Ka ce ina nan tafe.”

“Ba zan yi maka ƙarya ba. Nafi'u, ba fasfo ne ya tsare ka ba. Ko yau aka ba ka shi, ina za ka da wannan takarda a wuyanka? Kana zaune kana jiran babba ya zo ya wanke ka, babban kuma bai san ma ka yi datti ba. Je ka gaya masa abin da ya faru.”

“In je gidan dattijo mai ido ɗaya in ce masa shi ya jawo wa kansa?”

“To zauna. Hankaki suna bukatarka.”

Maganar ta yi mini zafi har na ƙi raka shi tasha, abin da nake nadama har yau. Amma kwana huɗu bayan tafiyarsa na roƙi Mikola ya kai ni gidan Kyaftin. Ya ɓoye ni a bayan taraktarsa cikin buhuna saboda 'yan sanda.

Mun sami Kyaftin yana faskare a tsakar gida, da baƙin ƙyalle a idon dama. Sau biyu gatarin yana kuskure itacen. Na tsugunna zan gaishe shi, ya ce in tashi, shi ba sarki ba ne. Na tsaya ina kallon takalminsa na ba shi labarin safiyar tun daga farko: taraktar, tsuntsayen, shingen, iskar, da yadda hannunsa ya hau nawa.

Ya ajiye gatarin. “Tsaya. Kafin mu tashi ka gan su?”

“Na gan su.”

“Ka san za su taso?”

“Na sani. Aikina ne tun ina yaro.”

“Me ka ce mini?”

“Ban ce komai ba.”

“Don me?”

“Kai sa'an mahaifina ne. A wurinmu yaro ba ya gyara wa babba.”

Ban taɓa ganin fuska ta yi ja haka ba. Ya ɗaga ƙyallen ya nuna mini ramin idon. “Dubi nan! Dubi ladabinka! Kujera biyu aka sa a jirgi don ido huɗu su yi aiki. Da jaka nake so a ɗaukar mini da na yi hayar jaki. Fita daga gidana.”

Na fita. A hanya na gane cewa takardar Darakta ƙarya ce daga farko har ƙarshe, amma kalmar da na faɗa a asibiti ba ƙarya ba ce. Ina da laifi, sai dai ba wanda aka rubuta ba.

Kwamitin ya zauna a watan Afrilu, mutum uku daga babban birni, a ajin da muke darasi. Darakta yana gefe da murmushinsa, matar nan mai tafinta tana kusa da ni, Kyaftin yana can ƙarshen benci da sanda, bai ko dube ni ba. Aka karanta takardar, aka tambaye ni ko sa hannuna ne. Na ce nawa ne. Aka ce ina da abin ƙarawa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sani, amma da na miƙe sai wuyana ya yi abin da ya saba. Kaina ya sunkuya, muryata ta shige ciki, ni kaina ban ji abin da nake faɗa ba. Na ga shugaban kwamitin ya duba agogo.

Sai sanda ta daki tebur.

“Ɗago kai!” Kyaftin ne, da muryar da yake yi mini tsawa a sama. “Ni za ka kalla. Da ƙarfi!”

Na ɗago. A rayuwata ban taɓa kallon sa'an Baba cikin ido ba sai ranar, idon ma guda ɗaya. Na ce tarakta tana yanka a ƙarshen titi a lokacin da doka ta hana. Na ce na ga tsuntsaye, na san za su taso, na yi shiru. Na ce Kyaftin ya ce mu je, da na yi jinkiri shi ya tura totur da hannunsa a kan nawa. Na ce na kashe inji ne don farfela ta karye, ba don tsoro ba. Kowace kalma sai da ta yanke ni kafin ta fita.

Darakta ya fara cewa ai yaro neman tsira yake. Kyaftin ya katse shi.

“Ban tuna safiyar ba, kuma ba zan ce na tuna ba. Amma na san hannuna. Shekara talatin, duk ɗalibin da ya yi jinkiri a bakin titi, ni nake tura masa totur ban tambaye shi dalili ba. Ku rubuta yadda ya faɗa.”

Kyaftin ya san abin da ya yi: da bakinsa ya ɓata sunan da ya shekara talatin yana alfahari da shi. Can baya sai ga Mikola ya miƙe, hula a hannu, ba wanda ya kira shi, ya ce shi ne a kan taraktar, kuma ya faɗi wanda ya sa shi.

Bayan kwana tara aka miƙo mini fasfona, aka mayar da ni aji da wani malami. Rahoton ya wanke ni daga tashi ba izini, amma ya rubuta cewa ɗalibi ya hango haɗari bai sanar ba. Layin yana nan a fayil ɗina, kuma ban taɓa neman a cire shi ba. Ranar da na karɓi fasfon na haɗu da Kyaftin a bakin ƙofa. Ya nuna mini saman wani turken lantarki da sandarsa, ga biyu daga cikin fararen tsuntsayen nan sun dawo suna gyara sheƙa. “Daga ƙasarku suke,” in ji shi. “Su ba a riƙe musu fasfo.” Na ce ya yafe mini, wannan karon ina kallonsa. Ya ce muryata ba laifi, sai dai ta makara da wata takwas. Mu ihu bayan hari muke cewa.

Na dawo gida da lasisi ana tsakiyar damina ta shekarar da ta biyo baya. Na sauka a Dutse, na fara zuwa na durƙusa wa mahaifin Bulus, sannan na hau bas zuwa Miga. Bayan an gama murna, 'yan barka sun watse, na bi Baba gona da yamma. Gero ya fara fitar da kai, yana ta ɗaure gwangwanaye a igiya. A nan na gaya masa komai, har ƙaryar wasiƙu. Yana ji yana ɗauri, bai katse ni ba.

Da na kai ƙarshe ya ce, “Wato ka tsaya a gaban mutane ka ɗora wa dattijo laifi, kana kallon idonsa.”

“Haka aka yi, Baba.”

Na jira faɗa. Ya ƙulle igiyar da haƙori, ya tofar da zaren.

“Da ka gaya masa ku biyu a cikin jirgin, da ba ka tona shi a gaban jama'a ba, da kuma idonsa biyu.”

“Baba, ai ku kuka koya mana yaro ba ya gyara wa babba.”

Ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganin wawa irina ba. Ya nuna tsohuwar rumfar da haɓarsa.

“Shekara biyar ina ɗora ka a can. Don ka fi ni hankali ne? Don ka ga abin da ni a ƙasa ba zan gani ba ne. Ko sau ɗaya ka taɓa saukowa ka nemi iznina kafin ka yi ihu?”

Ya miƙo mini bakin igiyar ya ce in ja ya ji ko gwangwanayen suna ƙara. Na ja, suka amsa har ƙarshen gona.